Ƙarin Gishiri Makami Ne A Hannun Azzalumi

Jawabin da aka gabatar wa samari a Daudawa kan man fetur da masu fafutukar kare muhalli

A ranar Lahadin makon jiya ne 'yan uwa samari na garin Daudawa da ke ƙaramar hukumar Faskari suka gudanar da zaman ƙara wa juna sani da suka saba yi duk wata, inda 'yan uwa daga Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara da ƙauyukan kewaye suka halarta. An fara zaman ne jim kaɗan bayan sallar azahar, domin na nesa su samu komawa gida da sauran rana. Wanda ya gabatar da jawabin ɗaya ne daga cikin malaman yankin, wanda ya daɗe yana koyar da ilimin ƙasa a makarantar sakandare. Maudu'in kuwa shi ne gardamar da ake yi a kan masu fafutukar kare muhalli a yankin da ake haƙar man fetur: shin masu gaskiya ne, ko kuwa 'yan kwangila ne masu kururuta magana? Ga yadda jawabin ya gudana. A sha karatu lafiya.

Abin da ya kawo maganar

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (SAW), Malam ya ce abin da ya sa aka zaɓi wannan maudu'i shi ne musun da ya ga samari suna yi a majalisu da teburan masu shayi. Ya ce samarin sun kasu gida biyu. Kashi na farko suna cewa duk kukan da mutanen yankin Neja Delta ke yi na gurɓacewar ruwa da gonaki ƙarya ce, Turawa ne ke biyan wasu su yi ta ihu, su kuma mutanen can su ke fasa bututu da hannunsu don a biya su diyya. Kashi na biyu kuwa duk abin da ɗan fafutuka ya faɗa sun ɗauke shi yankan wuƙa, ko da cewa ya yi kogin Kwara ya koma kananzir. Malam ya ce duk da suna ganin kansu abokan hamayya, ciwonsu ɗaya ne, domin babu mai tsayawa ya tambayi nawa ne, wa ya auna, kuma yaushe.

Daga nan sai ya kawo misali da abin da kowa ya sani a garin. Ya ce Daudawa garin auduga ne, tun zamanin Turawa aka kafa gonar irin auduga a nan, don haka dattawanmu sun san kasuwar auduga ciki da bai. “A kasuwar auduga maha'inta iri biyu ne,” in ji shi. “Akwai malamin sikeli mai danne awo, ka kawo kaya mai nauyi ya rubuta maka mara nauyi. Akwai kuma manomin da ke yayyafa ruwa ko ya cusa dutse a tsakiyar buhu. Ranar da aka zazzage buhun aka ga dutsen, da mai kyau da marar kyau duk za a ture. Gobe kuma idan ya ce an danne masa awo, dariya za a yi masa, alhali kuwa an danne ɗin. To ku riƙe waɗannan mutane biyu a ranku, domin za mu yi ta haɗuwa da su a cikin labarin mai.”

Kukan Ogoni

Malam ya bayyana cewa kamfanin Shell-BP ya fara samun mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka soma fitar da shi waje a 1958. A wannan shekarar ce kuma aka same shi a ƙasar Ogoni da ke gabas da Fatakwal. Ogoni ƙaramar ƙasa ce, faɗinta kusan murabba'in kilomita 1,000, tana da ƙananan hukumomi huɗu: Eleme, Gokana, Khana da Tai. Mutanenta manoma ne da masunta. Bututun mai ya ratsa gonakinsu da tsakiyar ƙauyukansu, wutar iskar gas tana ci dare da rana a kusa da gidajensu, man da ya malala yana kashe kifi da amfanin gona.

Ya ci gaba da cewa a farkon samun 'yancin kai, rabin kuɗin da ake karɓa a kan ma'adinai yankin da aka haƙo su ake mayar wa. Gwamnatoci suka yi ta zaftare wannan kaso, har ya zama a 1992 kashi 3 cikin 100 ne. Sai a tsarin mulkin 1999 aka mayar da shi kashi 13. A cikin wannan hali ne aka kafa ƙungiyar MOSOP a 1990, ta miƙa wa gwamnatin Janar Babangida takardar haƙƙoƙin Ogoni. Wanda ya zama bakinta shi ne marubucin nan Ken Saro-Wiwa. A ƙarshen 1992 ƙungiyar ta nemi kamfanonin mai su biya dala biliyan 10, kuɗin ƙasa da diyyar ɓarna. Ranar 4 ga Janairun 1993 aka yi gagarumar zanga-zangar lumana wadda aka ce mutum 300,000 suka fito, kuma a cikin wannan shekarar Shell ya dakatar da haƙar mai a Ogoni.

Inda harshe ya yi tsawo

Malam ya ce Saro-Wiwa mutum ne mai kaifin harshe da alƙalami, kuma da wannan baiwa ya sa duniya ta san sunan wata ƙaramar ƙabila da a da ko a Nijeriya ba kowa ya san ta ba. To amma a littafin da ya fitar a 1992 ya kira abin da ake yi wa mutanensa kisan ƙare dangi. Wannan kalma tana da ma'ana takamaimai a dokokin duniya, wato a ƙudurta niyyar shafe wata al'umma daga doron ƙasa. Sai gwamnati da kamfani suka samu abin kamawa. Maimakon su amsa tambayar rijiyar da ta gurɓace, sai suka koma musun kalma: ina gawarwakin, ina niyyar? Suka riƙa cewa Ogoni ɗan ƙaramin kaso take bayarwa na man ƙasar, kuma galibin malalar aikin ɓarayi ne.

Abu na biyu, in ji Malam, ya fi wannan muni. A 1993 kan ƙungiyar ya rabu a kan ƙaurace wa zaɓen 12 ga Yuni, shugabanta na farko Dakta Garrick Leton da Cif Edward Kobani suka ajiye muƙamansu. Daga nan wasu matasa suka fara kiran dattawan da ke ganin a zauna da gwamnati da sunan ungulaye. Ranar 21 ga Mayun 1994 gungun mutane suka far wa wani taro a Giokoo cikin Gokana, suka kashe manyan Ogoni huɗu: Edward Kobani, Albert Badey, Samuel Orage da Theophilus Orage.

A nan Malam ya ɗan dakata, ya ce wa samari su saurara da kyau. “Magana zarar bunu ce. Ranar da ka cire wa ɗan uwanka sunan mutum ka laƙaba masa na dabba, ka sauƙaƙa wa mai sanda aikinsa. Kai da ka faɗi kalmar wataƙila kana gida kana barci, amma akwai yaro a bayan taro wanda ya ji ta, ya kuma ɗauke ta da gaske.”

Sai dai ya yi gargaɗin kada wani ya fahimci cewa wannan ya halatta abin da gwamnatin Janar Abacha ta yi. Saro-Wiwa ba ya Giokoo a ranar, jami'an tsaro ne ma suka tare shi a hanya suka mayar da shi. Rundunar da Manjo Paul Okuntimo ya jagoranta ta afka wa ƙauyukan Ogoni da kisa da kame. Kotun musamman da aka kafa ƙarƙashin Mai shari'a Ibrahim Auta ba ta da ɗaukaka ƙara, lauyoyin waɗanda ake tuhuma, ciki har da Gani Fawehinmi, sun janye saboda rashin adalcin da suka gani, kuma biyu daga cikin shaidun gwamnati sun yi rantsuwa daga baya cewa sayen su aka yi. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 aka rataye Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta dakatar da Nijeriya. A 2009 Shell ya biya iyalansu dala miliyan 15.5 a wata ƙara da aka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. A ranar 12 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sanar da yi musu afuwa, amma iyalai da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce wanda ya yi laifi ake wa afuwa, su wankewa suke nema.

Dutse a buhun Greenpeace

Malam ya ce a cikin wannan shekara ta 1995 wani abu ya faru a Turai wanda har yau ake goranta wa masu kare muhalli. Shell yana da wata ƙatuwar ma'ajiyar mai ta ƙarfe mai suna Brent Spar a tekun da ke tsakanin Ingila da Norwe. Da ta tsufa sai ya samu izinin gwamnatin Ingila ya nutsar da ita a ƙarƙashin teku. 'Yan ƙungiyar Greenpeace suka hau kanta a ƙarshen watan Afrilu suka ƙi sauka, jama'a a Jamus suka ƙaurace wa gidajen man Shell, har kamfanin ya janye shirinsa ranar 20 ga Yuni.

Ana cikin wannan dambarwa ne Greenpeace ta sanar da cewa akwai tan 5,500 na mai a cikin ma'ajiyar. Ashe ba a inda ya dace aka ɗebi samfurin ba. A watan Satumba ƙungiyar ta rubuta wa Shell takardar neman afuwa, sannan wani kamfanin bincike na ƙasar Norwe ya auna ya samu abin da ke ciki bai wuce tan 100 ba. Malam ya ce hujjar ƙungiyar ta asali, cewa teku ba juji ba ne, tana da ƙarfi, shi ya sa ma a 1998 ƙasashen yankin suka hana zubar da irin waɗannan ƙarafa a teku. Amma wannan adadi guda ya zama tabo. Shekara da shekaru duk ɗan fafutukar da ya kawo lissafi, ko da daga Neja Delta ne, sai a tuna masa Brent Spar. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Ya ƙara da cewa akwai abin yabo guda a nan: da ƙungiyar ta gane kurenta, da bakinta ta fito ta faɗa tun kafin sakamakon binciken ya fito. Ya ce a auna wannan da halin ɗaya ɓangaren.

Malamin sikeli

A 2008 bututun Shell ya fashe sau biyu a Bodo, wani garin masunta a Gokana. Fashewar farko ta yi makonni mai yana kwarara cikin ruwa kafin a toshe. Rahoton da kamfanin ya dogara da shi ya ce ganga 1,640 ce ta zube a karon farko, duka biyun kuma kimanin ganga 4,000. Ƙungiyar Amnesty International, bisa nazarin wani ƙwararre da ya duba hoton bidiyon wurin, ta ce na farko kaɗai ya haura ganga 100,000. Aka ce ga su nan, sun fara ƙarin gishirin da suka saba. Mutanen Bodo suka kai ƙara Landan. A 2014, cikin takardun kotu, kamfanin ya amsa cewa adadin da ya bayar ya gaza abin da ya zube. A Janairun 2015 ya yarda ya biya fam miliyan 55, wato miliyan 35 ga mutum 15,600, miliyan 20 ga al'ummar gari.

Malam ya nuna cewa shekara shida aka yi ana kiran masuntan nan maƙaryata. Ya ce dalilin da ya sa adadi da musabbabi suke da muhimmanci shi ne, a dokar Nijeriya idan aka ce ɓarayi ne suka fasa bututu, kamfani ba ya biyan diyya. Ke nan wanda ke riƙe da sikelin yana da riba a cikin abin da sikelin zai nuna. Haka aka yi da wasu manoma huɗu daga Oruma, Goi da Ikot Ada Udo da suka shigar da ƙara a ƙasar Holan a 2008. Sai ranar 29 ga Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa a Oruma da Goi kamfanin bai tabbatar da cewa ɓarayi ne suka fasa ba, don haka ya biya. Kafin wannan rana biyu daga cikin manoman sun riga mu gidan gaskiya. A ƙarshen 2022 aka daidaita a kan yuro miliyan 15.

Abin da awo ya nuna

Malam ya ce wanda ya raba gardamar Ogoni shi ne rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka miƙa wa Shugaba Jonathan ranar 4 ga Agustan 2011. Masanan sun yi wata 14 suna aiki, sun duba wurare sama da 200, sun ɗebi samfurin ƙasa da ruwa sama da 4,000. A Nisisioken Ogale cikin Eleme sun tarar mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke haddasa ciwon daji, ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. A wurin sun samu mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. A wasu wurare gurɓacewar ta nutsa mita 5. Suka ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan 1.

Ya ce rahoton bai yi amfani da kalmar kisan ƙare dangi ba, kuma bai ɓoye cewa masu satar mai da masu dafa shi a daji suna ƙara ɓarnar ba. Ita ma hukumar ba ta tsira daga zargi ba, domin Shell ne ya biya kuɗin binciken. Duk da haka abin da ta auno ya fi duk wata kalma mai zafi nauyi, domin babu lauyan da zai yi musu da ruwan rijiya. “Ashe gaskiyar tsirararta ta isa,” in ji Malam. “Mutumin ya yi gaskiya a kan ruwa da ƙasa, ko da za a yi jayayya da shi a kan kalma. Wanda kuwa ya ce tun da kalmar ta yi tsauri to ruwan tsarkakakke ne, sai a ɗebo masa moɗa guda ya sha.” Nan wurin ya ɗauki dariya.

Ya ƙarasa wannan ɓangare da cewa an ƙaddamar da aikin gyaran a 2016, an kuma yi ta ƙorafin tafiyar hawainiya, sannan a Maris na 2025 Shell ya kammala sayar da kamfaninsa na haƙar mai a kan tudu ga wani rukunin kamfanoni mai suna Renaissance.

Namu gishirin

Daga nan Malam ya juyo gida. Ya ce mu ma muna da maganar da muke maimaitawa ba tare da awo ba, ita ce wai da kuɗin gyaɗa da audugarmu aka haƙo man Kudu. Ya ce Shell ya fara neman mai tun ƙarshen shekarun 1930, kuma da jarinsa ya yi. Abin da yake tabbatacce shi ne harajin gyaɗa da auduga, tare da na koko da manja, su suka riƙe baitulmalin ƙasa kafin mai ya kankama. Kuma daga 1954 kowane yanki yana da hukumar cinikin amfanin gonarsa, rarar tana zama a yankin. Da irin wannan rara aka zuba jari a masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957. Ya ce wannan tarihi ya ishe mu tinƙaho, ya kuma isa hujjar cewa ƙasa ta kowa ce. Amma idan muka ɗora masa abin da ba za mu iya tabbatarwa ba, ɗan Kudu mai karatu zai zazzage buhun a gaban jama'a. Ya kuma tunatar da cewa mu da muka ci moriyar barin arziki a inda ya fito a zamanin auduga, bai kamata mu yi wa wanda ya nemi haka a zamanin mai dariya ba.

Gemun ɗan uwa

Malam ya ce kada samari su ɗauka wannan labarin nesa ne. A 2010, a maƙwabciyarmu Zamfara, gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Da farko wasu sun ɓoye mace-macen don tsoron kada a hana su haƙa. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka gwada jinin yara, awo ya fito da abin da ake ciki. Garin Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, bayan 'yan fafutuka sun matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Ya ce irin mutanen da wasunmu ke kira 'yan kwangila su suka tsaya wa yaran Bagega.

Ya kuma tuna wa 'yan uwa na Ƙanƙara abin da suka gani da idonsu. Da aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ranar 11 ga Disamban 2020, wasu sun ce sun haura 600, mai magana da yawun fadar shugaban ƙasa ya ce 10 ne, daga baya ya nemi afuwa. Gwamna Masari, bisa lissafin ɗaliban makarantar, ya ce 333. Da aka sako su ranar 17 ga wata, 344 aka ƙirga. Wanda ya bi lissafi shi ya fi kusa da gaskiya.

Sannan ga mai ya matso Arewa. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, inda gwamnati ta ce akwai sama da ganga biliyan 1. A Nijar tun 2011 ake tace man Agadem a matatar da ke kusa da Damagaram. Malam ya ce idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da rijiyar wani ƙauyen Hausawa ko Fulani ta fara warin kananzir, da wane baki za mu yi kuka idan mun shafe shekaru muna cewa duk mai irin wannan kuka maƙaryaci ne?

Nasiha ga samari

Malam ya taƙaita nasiharsa a kan abubuwa huɗu. Na farko, a raba mai magana da maganar. Ko ɗan kwangila ne ya ce rijiya ta gurɓace, abin yi shi ne a duba rijiyar. Na biyu, duk adadin da aka ji a tambayi wanda ya auna da abin da zai samu ko ya rasa, kuma sikelin da aka auna ɗan fafutuka da shi a auna kamfani da gwamnati da shi. Na uku, idan abu ya faru a ƙauyenku, ku rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda abin ya shafa, abin da kuka gani daban, abin da kuka ji daban. Idan mutum bakwai ne, ku ce bakwai. Na huɗu, ku kiyayi laƙaba wa wanda ya saɓa muku mummunan suna, musamman na cikin gida.

Ya ce addini ya hore mu da bincika labari kafin aiki da shi, da tsayar da shaida bisa adalci ko da a kan wanda muke ƙi ne. Ya ƙara da cewa mai ƙarfi yana da lauyoyi da jaridu da kuɗin da zai rufe ƙaryarsa idan ta tonu. Talaka kuwa jarinsa guda ne, shi ne idan ya yi magana a yarda. Wanda ya ƙara gishiri don ya taimaki talaka, wannan jarin ya taɓa.

Tambayoyi

Bayan jawabin an ba da damar tambayoyi. Wani ɗan uwa daga Sabuwa ya miƙe ya ce, “Allah gafarta Malam, ba ka ganin Turawan nan so suke su hana mu haƙo namu man, bayan su sun gina ƙasashensu da nasu?”

Malam ya amsa da cewa tambayar tana da tushe. Ya ce nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. A Satumban 2022 majalisar Tarayyar Turai ta zartar da ƙudurin sukar bututun man da Yuganda da Tanzaniya ke ginawa, alhali a wannan shekarar ƙasashen Turai suna zarya a Afirka neman iskar gas saboda yaƙin Rasha da Yukiren. Ya ce wannan fuska biyu ce, kuma a faɗe ta ba tsoro. “Amma ɗan uwa, maganar a bar mai a ƙasa daban, maganar wanda ya zubar ya kwashe daban. Masuncin Bodo bai ce kada ka sa mai a babur ɗinka ba. Cewa ya yi a biya shi kifinsa.”

Wani matashi daga Faskari ya ce, “Malam, idan ba a zafafa magana ba, ai ba mai sauraron talaka.”

Malam ya ce zafi halal ne, ƙari ne matsala. Ya ce mutum yana iya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa a kan abin da ya tabbata, ya maimaita shi safe da yamma har a gaji a saurare shi. Ya ce ninki 900 ɗin nan na Ogale babu wanda ya ƙara masa ko ɗaya, kuma babu mai imanin da zai ji shi ya yi barci. Ya yarda cewa ba don ihun su Saro-Wiwa ba, da wuya masu awon su zo. Amma abin da ya sa kamfani ya buɗe lalitarsa a Landan da Holan takardu ne da samfuri da shaidun da suka jure tambayar lauya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da mai gaskiya ne ya haƙa shi.

Tambaya ta ƙarshe ta fito ne daga wani ɗalibi, wanda ya nemi sanin abin da saurayi zai iya yi daga nan Daudawa. Malam ya shawarci masu karatun kimiyya da su dage, domin yankin yana buƙatar 'ya'yansa da suka iya gwada ruwa da ƙasa da jini. Ya ce a wuraren da ake haƙar zinare a faɗakar da iyaye kada a niƙa dutse a cikin gida ko a wanke shi kusa da rijiya. Ya kuma ce a wuraren da ake sa ran haƙar mai, kamata ya yi a auna ruwan rijiyoyi a ajiye sakamakon tun kafin a fara, domin gobe kada a ce da ma haka ruwan yake.

An rufe zaman da addu'ar neman zaman lafiya a yankin da ƙasa baki ɗaya, aka tashi gab da sallar la'asar. An sanar da cewa zama na gaba zai duba matsalar sare itatuwa a dazuzzukan yankin, insha Allahu.